Tsohon tayil ɗin banɗaki: a fasa, a ɗora sabo a kansa, a rufe da PVC, ko a shafa fenti?

Idan tayil ɗin banɗaki ya dushe, layukan tsakaninsa suka yi baƙi, wani ya tsage, wani ya ɓalle, hanyoyi huɗu ne a gaban mai son gyarawa da hannunsa. Ko ya fasa komai ya sake daga tushe, ko ya ɗora sabon tayil a kan tsohon, ko ya rufe bangon da allunan roba na PVC, ko ya shafe shi da fenti. Yawancin mutane da ido suke zaɓa, su duba wadda ta fi kyau a hoto ko wadda za a gama kafin Litinin. Ni a ganina abin da ke bayan tayil ɗin ne ya kamata ya yanke hukunci, domin uku daga cikin hanyoyin nan rufewa kawai suke yi. Guda ɗaya ce take buɗewa a ga abin da ke ciki.

Ga dalili. Tayil ba shi ne yake tsare ruwa ba, duk da haka ake zato. Fuskarsa mai sheƙi ba ta shan ruwa, gaskiya ne, kuma tayil ɗin fosilin, wato mai tauri da aka gasa sosai, a ƙa'idarsa ba ya shan fiye da kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa. Amma jikin siramik ɗin bango na yau da kullum yana shan sama da kashi 10, simintin da aka cike layuka da shi kuma yana tsotsar ruwa kullum aka yi wanka. Ruwan yana ratsawa a hankali ya isa filasta. Idan akwai shafin hana ruwa a can ƙasa, nan zai tsaya. Idan babu, bango ne zai sha, shekara da shekaru, ba tare da kowa ya gani ba.

Saboda haka kafin ka sayi ko buroshi, yi bincike. Ɗauki ƙotar sukurudireba ko tsabar kuɗi ka riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, tsakiya da kusurwoyi huɗu. Wanda ya kama da kyau sautinsa gajere ne, a daskare, kamar ka bugi dutse. Wanda ya saki kuwa za ka ji ya amsa da ƙara mai rami, wani lokaci har ka ji ya ɗan girgiza a ƙarƙashin yatsanka. Duk wanda ya amsa haka ka manna masa ɗan salatif. In ka gama, koma bakin ƙofa ka dubi inda alamomin suka taru. Biyu ko uku a warwatse ba abin damuwa ba ne. In kuwa sun yi layi a ƙasan bangon shawa, ko sun kewaye kan famfo, ruwa ya riga ya shiga.

Daga nan fita ka dubi ɗaya gefen bangon. Fenti ya kumbura? Filasta tana zubewa in ka goga da yatsa? Akwai wani farin gari kamar gishiri da yake dawowa duk lokacin da aka share? Wannan gishirin ruwa ne yake fito da shi daga cikin siminti, ya bushe ya bar shi. In banɗakin a bene yake, dubi silin ɗin da ke ƙarƙashinsa. In gidan yana da mitar ruwa, kulle duk famfunan, rubuta lambar da ke kai, ka dawo bayan awa biyu. In ta motsa, akwai bututun da ke yoyo a wani wuri. A ƙarshe sheƙa bokitin ruwa a ƙasa ka tsaya ka kalla. Ya nufi rariya da kansa, ko ya kwanta a wani lungu sai an kora shi da tsintsiya?

Amsar tambayoyin nan ita ce rabin zaɓin. In an samu danshi, ko yoyo, ko ƙasa ba ta da gangare, duk wata hanyar rufewa kitso da ƙwarƙwata ce.

Fasawa a sake daga tushe

Wannan ita ce hanya mai wahala, kuma ita kaɗai ce take maganin matsala uku da sauran ba sa taɓawa: bututun da ke cikin bango, gangaren ƙasa, da shafin hana ruwa.

Fasawar kanta ba ta buƙatar gwaninta, ƙarfi da haƙuri take so. Guduma da cizal sun isa ƙaramin banɗaki, injin fasa kuma ya rage rabin wahalar. Kashe ruwa da wutar ɗakin tukuna. Bututu da waya galibi miƙe suke tafiya, sama ko gefe daga kan famfo da makunni, don haka a waɗannan layukan sassauta hannu. Toshe rariya da tsumma, in ba haka ba ɓaraguzai za su cika ta ka samu sabon aiki. Ɓallin tayil yana yanka kamar gilashi, safar hannu da tabarau ba ado ba ne a nan.

Ƙura ce abin da mutane suka fi rainawa. Tayil da siminti suna ɗauke da sinadarin silika, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, ita ce take kawo cutar silikosis. Cutar nan ce ta sa Ostireliya ta haramta dutsen kanta na roba mai yawan silika daga Yulin 2024, bayan ta kama masu yankansa da yawa. Aikin banɗaki ɗaya bai kai wannan ba, amma babu dalilin shaƙa. Sa takunkumi mai lambar N95 ko FFP3, yayyafa ruwa a inda kake fasawa, yanka tayil da injin da yake jiƙa wuƙarsa. In gidan tsoho ne sosai kuma ka tarar da tsofaffin falle na roba manne a ƙasa da baƙin gam, dakata a gwada su, domin irinsu na da can sukan ƙunshi asbestos, wani sinadari mai illa ga huhu. Birtaniya sai a 1999 ta haramta shi gaba ɗaya, wasu ƙasashen ma har yanzu ba su yi ba.

Inda hanyar nan take cin mutum shi ne lokaci. Bayan fasawa bango yakan fito da ramuka, sai an sake filasta. Sabuwar filastar siminti da yashi tana son kamar mako 2 kafin a ɗora mata tayil, sabon daɓen ƙasa kuma kamar mako 3, domin siminti yana tsukewa yayin bushewa, in ka rufe shi da wuri zai ja tayil ɗin ya tsage ko ya saki. Akwai siminti mai saurin bushewa da yake rage wannan jira sosai, amma shi ma saurinsa yakan fi hannun ɗan koyo. Gidan da banɗakinsa ɗaya ne dole ya yi wannan lissafi tun kafin gudumar farko.

Ladan wahalar yana zuwa a matakin shafin hana ruwa. Wani ruwa ne mai kauri da ake shafawa da rola ko buroshi, ya bushe ya zama kamar roba. Ana fara manna ƙyalle na musamman a duk kusurwa, inda bango ya haɗu da ƙasa da inda bango ya haɗu da bango, da kewayen rariya da bakin bututu, domin a nan gini yake motsi, a nan shafin yake yagewa. Sai a yi shafi biyu, na farko a tsaye, na biyu a kwance bayan na farkon ya bushe. A wurin shawa a kai shi sama da kan mai wanka, wajen mita 1.8 ko fiye. In ya bushe, toshe rariya, tara ruwa a ƙasa 'yan santimita, yi alama a bango, ka bar shi awa 24. In ruwan bai sauka ba kuma babu laima a waje, ka samu abin da babu wata hanya cikin sauran ukun da za ta ba ka, wato shaidar ido cewa ɗakin yana riƙe ruwa.

Gangare kuwa kimanin santimita 2 a kowace mita ake so a wurin wanka, ya nufi rariya daga kowane ɓangare. A nan zan ce mai gida ya san iyakarsa. Fasawa, kwashe ɓaraguzai, shafin hana ruwa, har ma jera tayil a bango, mai haƙuri zai iya. Fitar da gangare daidai a daɓe da haɗa bututun da za a binne a bango aikin wanda hannunsa ya saba ne, kuskure a cikinsu sai an sake fasawa yake gyaruwa. Ba abin kunya ba ne ka kira magini da mai aikin famfo na kwana ɗaya ko biyu, ka yi sauran da kanka.

Ɗora sabo a kan tsoho

Wasu suna jin wannan kamar ha'inci ne. Ba haka ba ne, hanya ce da masu sana'ar suka yarda da ita, muddin tsohon tayil ya kama daram, bango a bushe yake, kuma shimfiɗar a miƙe take. Tsohon tayil mai lafiya ma ya fi wata filastar zama tushe mai kyau, tunda ya gama duk motsin da zai yi. 'Yan ƙalilan da suka amsa da rami ka cire su, ka cike gurbinsu ya zo daidai da sauran.

Sirrin yana wajen shiri. Fuskar tsohon tayil tana ɗauke da maiƙon sabulu na shekaru, gam ba ya kama maiƙo. Wanke shi da abin cire maiƙo, ɗauraye, bar shi ya bushe, goge shi da samfefa mai kaushi har sheƙin ya mutu, sannan ka shafa fentin share fage da aka yi don wurin da ba ya shan ruwa, irin wanda in ya bushe za ka ji shi da yashi-yashi. Siminti da yashi na gini ba zai yi a nan ba ko kaɗan, domin shi yana kamawa ne ta hanyar shiga ƙofofin abin da aka ɗora shi a kai, tayil kuma ba shi da su. Gam ɗin tayil na buhu ake so. Duba jikin buhun: C2 yana nufin mai ƙarfin kamu, S1 yana nufin yana jure ɗan motsi, T kuma yana nufin tayil ba zai zame ƙasa ba bayan ka manna shi a bango. Gam ɗin bokiti da aka riga aka kwaɓa ka bar shi, shi sai ruwansa ya fita yake bushewa, tsakanin tayil biyu kuwa ba shi da mafita.

Abin da ka samu a nan a bayyane yake: babu ƙura, babu ɓaraguzai, babu jiran filasta. Abin da ka biya shi ne kauri. Sabon tayil da gam suna ƙara santimita 1 zuwa 1.5, kuma wannan ɗan abin yana taɓa komai. Ƙofa za ta riƙa gogar ƙasa sai an rage ta. Bakin ƙofa zai samu ɗan tudu mai sa tuntuɓe. Rariya za ta nutse sai an ɗago ta. Kwanon masai sai an cire an sake zaunar da shi, bakin bututunsa kuma ya daidaita da sabon tsayin. Bakin famfunan bango za su shige ciki sai an ƙara musu tsawo. Kowane ɗaya ƙaramin aiki ne, amma ka lissafa su duka kafin ka ce hanyar nan ta fi sauƙi.

Akwai kuma nauyi. Bangon bulo mai filastar siminti ba ya jin komai. Amma filastar jifsam ana ƙiyasta ta da kilo 20 a murabba'in mita, allon jifsam kuma kilo 32, har da gam. Fosilin mai kaurin milimita 10 shi kaɗai ya kai kilo 20 ko ya wuce. Tayil biyu a kan irin wannan bango yakan wuce ƙa'ida.

Gangaren ƙasa ba ya canzawa, yadda tsohon yake haka sabon zai bi. In da ruwa yana kwanciya a lungu, zai ci gaba da kwanciya a kan sabon tayil.

Ko fasawa ka yi ko ɗorawa, hannun da ya jera tayil ɗin shi ne zai sa ya daɗe. Shimfiɗa gam da cokalin gini mai haƙora, layukan su tafi ɓangare ɗaya, ka danna tayil ka ɗan goga shi a kan layukan su kwanta. Bayan ka jera uku ko huɗu, ɓamɓaro ɗaya ka juya bayansa. A wurin da ruwa ke zuba ana son gam ya rufe kusan kashi 95 cikin 100 na bayan. In ka ga layuka tsaye da fili a tsakaninsu, ƙara gam ko ka shafa siriri a bayan tayil ɗin ma. Dabarar nan ta ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, tana da sauri, amma ramukan da take bari su ne matattarar ruwa, su ne kuma sautin ramin da wani zai ji in ya ƙwanƙwasa nan gaba. Bar tazarar milimita 2 zuwa 3, jira awa 24 kafin ka cike layuka. Kusurwoyi da inda tayil ya haɗu da baho ko kwanon wanke hannu silikon ake sa musu, siminti a nan tsagewa yake. Sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma duba lambar gashi a kwali, wato ta rukunin da aka gasa tare, ta zama iri ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta tsakanin gashi da gashi. A ƙasa kada ka sa tayil ɗin bango mai santsi. Nemi mai lambar hana santsi R10 ko sama, a wurin shawa kuma ƙananan tayil sun fi bin gangare, yawan layukansu ma yana riƙe ƙafa.

Allunan PVC

Ga wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, wannan ce ta fi dacewa da hannunsa. Allunan suna shiga juna ta gefe, ana yanka su da zarto mai ƙananan haƙora, a manna su da gam kai tsaye a kan tsohon tayil. Ƙaramin banɗaki ana iya gama shi a yini ɗaya ko biyu. Babban abin da suka fi tayil da shi shi ne rashin layukan siminti, ba inda funfuna za ta kama, tsumma ya isa goge su.

Rauninsu yana gindi da kusurwa. Allon ba ya shan ruwa, amma in silikon ɗin da ke ƙasansa ya saki, ruwa zai shiga baya ya zauna a inda iska ba ta kaiwa, kuma ba ka da hanyar ƙwanƙwasawa ka sani. Masu rami a ciki suna lotsawa in abu mai kaifi ya buge su, ba sa ɗaukar nauyi, duk abin da za a rataya sai an huda har cikin bangon asali an toshe hudar da silikon. Zafi yana lanƙwasa su, kada su kusanci abin dumama ɗaki ko fitila mai zafi. Ba na ƙasa ba ne, can sai an nemi wani abu. Kuma in an faɗi gaskiya, masu arha daga nesa ake gane roba ce.

Fenti

Shi ya fi sauri da sauƙin kuɗi, shi ne kuma ya fi gajeren rai. Wanda yake ɗan daɗewa shi ne ifoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa, wanda da zarar an gauraya yana da ƙayyadadden lokaci kafin ya daskare, yana da wari mai ƙarfi, kuma yana son kwanaki, wani har mako guda, kafin ruwa ya taɓa shi. Tsagewa da layuka duk za su fito ta cikinsa. A bangon da ruwa ba ya duka, yana canza kamannin ɗaki sosai. A ƙasa ko cikin shawa ɓarewa zai fara daga gefe, kuma fentin da ya fara ɓarewa ya fi tsohon tayil muni. Ya dace da ɗan haya da ya samu izinin mai gida, ko wanda yake tara kuɗin babban gyara nan da shekara biyu.

Akwai hanya ta biyar da ba a cika ambata ba, kuma ina ganin banɗakuna da yawa ita kaɗai suke buƙata. In tayil ya kama, babu danshi, launinsa kuma bai dame ka ba, layuka ne suka tsufa. Kankare tsohon simintin da ɗan zarton layi zuwa zurfin milimita 2 ko 3, sake cikewa, yanke tsohon silikon gaba ɗaya, bar wurin ya bushe, ka sa sabo mai maganin funfuna. Cikon ifoksi ba ya shan ruwa kuma ba ya yin baƙi, amma yana saurin daskarewa, in ya bushe a fuskar tayil fitar da shi azaba ne; ɗan koyo ya fara da na siminti.

Duk wadda ka zaɓa, in tururi ba shi da mafita baƙin zai dawo. Taga ko fankar fitar da iska dole ce. A Ingila ƙa'idar gini tana neman fankar banɗaki ta ja lita 15 a daƙiƙa. Wutar banɗaki kuma ta bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, wannan kuwa aikin mai lantarki ne, ba na gwaji ba.

Ba dole ne ɗaki guda ya bi hanya guda ba. Sau da yawa ɓarnar tana ƙasa ne da bangon shawa, sauran bangon lafiyarsu ƙalau. A irin wannan, fasa ƙasa da bangon shawa, gyara gangare, yi shafin hana ruwa ka hau da shi aƙalla santimita 15 a gindin sauran bangon, wanda zai sa ka cire jerin tayil na ƙasa a kewaye. Abin da ya rage a sama ka sake masa layuka ko ka yi masa fenti. In ka buɗe bango, kafin ka rufe ka ɗauki hoton bututun da tef ɗin awo a kusa da su, daga kusurwa da daga ƙasa, domin ranar da za ka huda wurin rataya tawul ka san inda za ka kauce wa.